Hanyar da aka yanka ta tsakiyar gamanata

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan manta da damanar da aka yanka hanya ta tsakiyar gamanata ba. Gamana dai ita ce 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta, ban da gandun gida. Tawa gado ce daga mahaifina, kuma a shekarar wake na shuka, har ya fara fure.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kanan Bakashe, kuma gaskiya muna bukatar hanya. In ruwa ya sauka, sai amalanke ya yi dogon zagaye kafin ya kai mai naƙuda gidan likita. Hanyar tana iya bi ta gefen gandun wan mijina, tana iya bi ta gamanata. Maza suka taru a gindin gawo suka yanke shawara. Ni mai gonar, a bakin rijiya na tsinci labari.

Na yar da guga na nufi wurin taron. Wan mijina ya harare ni ya ce, "Ke kuma mi ya kawo ki cikin maza?"

Na ce, "Yaya, gonata na biyo."

Sai malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, wani matashi mai zaƙin baki da muke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, ya gyara zama. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Abin da za ya amfani mutane da yawa shi ake dubawa. In mutum guda ya yi asara gari duka ya huta, ai an ci riba."

Na ce, "Mushe, na ji. To mutum gudan nan da za ya yi asara, don mi sai mace? Gandun da ke maƙwabtaka da ni ba ƙasa ba ce?"

Wani dattijo ya ce wai mace da ake ciyarwa ba ta da asarar gona. Aka yi dariya. Na waiwaya ina neman mijina, na same shi yana ta zane ƙasa da tsinke. Wannan ya fi dariyar ƙona mini rai.

Kashegari samari suka tuge waken, na kwashe shi ɗanye na zuba wa awaki ina hawaye.

Hanyar tana nan, tana da amfani, ni ma ina bin ta zuwa kasuwa. Amma har yau in na taka ta sai na tuna waken nan nawa da aka tuge. Wallahi da sun yi sallama a ƙofata sun roƙa, da na ba su da hannuna, don ni ma 'yar garin ce. Abin da na koya shi ne, duk inda aka ce maka don amfanin jama'a ne, ka duba wa aka ɗora wa asarar, ka kuma tambaya ko an bari ya buɗe baki.