Kifin da Aka Ce Zafi Ya Kashe

Cikin shekarun da na yi ina aiki a gidan likita, ranar da ta ƙi barin raina ita ce wata Laraba ta tsakiyar bazara, jajibirin zuwan baƙi. Sunana Asumana. Ni lebura ne a wani gidan likita na karkara cikin ƙasar Buza, a yankin Adar. Ga wanda bai san tsarinmu ba, a sama akwai majo, wato babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da wurin. Sai mataimakinsa da ungozoma da mai ba da magani, sannan mu na ƙasa: ni, da gardi mai gadin ƙofa, da mai wanke ɗakuna. Aikina shara, ɗebo ruwa, ƙona datti, da duk aiken da ya taso. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da na wuce arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma da hannuna nake rubuta wannan, domin ku ƙannenmu da kuka shigo aiki bayanmu.

Wata shekara wani furoje, wato shirin taimako, na yaƙi da sauro ya kawo mana akwatin gilashi mai tsawon kamu biyu, da wasu ƙananan kifaye kamar ashirin a ciki. Ana ce musu gufi. Babbansu bai kai ƙaramin yatsa ba. Namijin siriri ne, wutsiyarsa launi-launi kamar atamfa, macen kuwa ta fi kauri, launinta toka-toka. Aka ce abincinsu tsutsar sauro, in an zuba su a ruwa kwance sauro ba ya samun wurin haihuwa. An yi kwana biyu ana yi wa manya bayani da Faransanci, ni kuwa ina kai musu ruwan sha. Masu furoje suka tafi. Kafin wata biyu rabin kifin ya mutu. Majon da ke nan a lokacin, Mushe Lawali, dattijo ne mai sauƙin kai. Ya ce mini in ɗauki akwatin in kai bayan ɗakin magani in ga abin da zan iya yi, tunda shi ba shi da lokaci.

Babu wanda ya koya mini komai. Zama nake yi in na gama shara, ina kallo. Da kallo na gane gufi ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi kamar akuya. In ciki ya tsufa sai wani baƙin tabo kusa da wutsiyarta ya ƙara duhu, ta daina cin abinci, ta koma lungu. Da kallo kuma na gane abin da ke ƙarar da su: uwar da sauran manyan suna cinye ƴaƴan tun suna fitowa. Ranar da na fara gani da idona sai da na yi salati. Na samo tsohon sange, wato gidan sauro, na yanka, na ɗinka shi kamar aljihu mai manyan ƙofofi, in sa mai ciki a ciki, ƴaƴan su sulale ƙasa inda bakinta ba ya kaiwa. In ta gama sai in mayar da ita wurin manya, in kwashe ƴaƴan da ludayi zuwa randa.

Ƴaƴan ba su fi ƙwayar shinkafa ba, ido biyu kawai da wutsiya. Ina murza musu gwaiduwar dafaffen ƙwai, ɗan kaɗan a kan tsinke, sau uku a yini. In sun tasa in ƙara da garin busasshiyar fara da dusa mai laushi. Na gane ruwan famfo yana kashe su in sabo ne, sai ya kwana biyu a buɗe. Na gane gansakukar da ke fitowa a jikin randa abincinsu ce, ba datti ba. Da sanyi ina rufa musu buhu, da zafi ina jiƙa jikin randunan ina ja su cikin inuwar dogon yaro. Bazara guda suka ratsa a hannuna ba a yi asara ba. Kafin shekara ta zagayo ina da randa goma sha biyu, kowace da tsaranta, kifin ya fi ƙarfin ƙirgata.

Abin da nake hari shi ne kududdufin bayan unguwarmu, inda ake ɗibar ƙasar gini. Kowace damina yakan cika, kuma daga nan sauron da ke kwantar da yaranmu yake tasowa. Na gwada a tafkin sumunti na wani mai garkar albasa, wato lambu, na ba shi guda goma, cikin mako ɗaya tsutsa ta ɓace. Da aka cire albasa tafkin ya bushe, mai garkar ya dawo mini da su sun ninka. Mushe Lawali ya rubuta wa masu furoje. Suka amsa cewa za su zo su gani da idonsu, in gaskiya ne za su gina babban tafkin kiwo, a zuba a kududdufai, a kai iri har Keita da Madawa. Kafin su zo aka canja wa Mushe Lawali wurin aiki. Aka kawo Mushe Kadri, saurayi mai ƙwazo, wanda bai taɓa leƙa bayan ɗakin magani ba sai ana jibi baƙi za su zo.

Ku da kuke cikin aikin kun san yadda muke in baƙi za su zo. Ana yin babbar shara, a shafa farar ƙasa, a ɓoye duk abin da ya tsufa, a wanke komai da zabel, ruwan maganin nan mai wari da muke kashe ƙwayoyin cuta da shi. Akwai kuma takardar duba tsabta da ake bi layi-layi. Ranar Talata Mushe Kadri ya tsaya a kan randunana da takardar a hannu.

"Baba Asumana, waɗanga hwa, mi ne na?"

Na yi masa bayani daga farko. Ya saurara, ban ce bai saurara ba. Sannan ya nuna mini wani layi a takardar, ya ce an hana barin ruwa kwance a buɗe cikin gidan likita. Mutane za su zo kan maganar sauro su tarar da randa goma sha biyu cike da koren ruwa, me za su ce? Na ce ya sa hannu ya duba, in ya samu tsutsa guda a kore ni.

"Takarda ba ta tambayi tsutsa ba," in ji shi. "Ruwa kwance ta tambaya."

Ya ce a haɗa kifin duka cikin akwatin gilashi, a kai ofis, baƙi su gan shi cike. Na ce manyan za su cinye ƙananan. Ya ce yini ɗaya ne. Na roƙe shi ya bar ni in yi da kaina ranar Alhamis da safe, da ruwan da suka saba da shi, in baƙi sun tafi in raba su. Ya ce to, za a gani. Na ɗauki wannan a matsayin yarda. Kuskurena ke nan.

Laraba da safe ya aike ni hedkwatar kwamin, wato ƙaramar hukuma, in aro kujeru da rumfa. Na ce gardi zai iya zuwa, ya ce ni aka sani a can. Motar kasuwa ta ɓata mana lokaci, ban dawo ba sai bayan azahar. Tun daga ƙofa na ji warin. Randunana na kife a jere jikin bango, an goge su ƙal. Hajo, mai wanke ɗakuna, ta tare ni da murna. Bazawara ce daga Tamaske mai ƴaƴa huɗu, kuma abokiyar wasana, kullum tana tsokanata cewa ni ƙazami ne, na bar ƴan uwana cikin koren ruwa.

"Sarkin ruwa, zaka ka ga ɗiyanka. Yau sun samu gida irin na Yamai."

Ashe bayan tafiyata majo ya ce mata ta wanke akwatin kamar yadda take wanke ɗakin haihuwa. Ta yi hakan kuwa, don Hajo ba ta ha'inci a aiki. Sau uku ta wanke shi da zabel, ta wanke tsakuwar ƙasan da shi, ta cika da sabon ruwan famfo, sannan ta tace kifin da rariya ta zuba. Gilashin yana walƙiya. Manyan sun taru a sama suna buɗe baki. Ƙananan sun riga sun kwanta a ƙasa, sun yi fari kamar an watsa tsaki.

Ba ni da ruwan da ya kwana, duk an zubar. Bokitan wurin duk warin zabel suke. Na ruga gidan maƙwabta na aro ƙwarya da ruwan rijiya, na kwashe masu sauran motsi. Wasu suka ɗan yi iyo a karkace, na fara sa rai. Kafin la'asar sakaliya na ƙarshe ya juya cikinsa sama. Mace ce mai ciki, da na lissafa mata kwana biyu ko uku ta haihu.

Hajo ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, tana dai maimaita cewa wallahi alheri ta nufa. Mushe Kadri ya zo ya duba akwatin. Daga baya ya kira ni gefe. Ya ce in aka rubuta zabel cikin rahoto dole wani ya ɗauka. Shi ma'aikacin gwamnati ne, iyaka a aiko masa da takardar faɗa. Hajo kuwa kwamitin gari ne ya ɗauke ta, da baki aka ɗauke ta, da baki za a sallame ta, kuma hannunta ne ya zuba.

"Zahi ya kashe su, Baba. Kowa ya san zahin bana. In kana da wata magana, kai ka sani."

Alhamis baƙi suka zo da mota biyu. Aka zauna kan kujerun da na ɗauko. Shugabarsu wata likita ce, Madam suke ce mata, tana jin Hausa sosai. Majo ya yi dogon bayani da Faransanci yana nuna akwatin da babu komai a ciki. Ta saurara, sannan ta ce a kira mata wanda ke kula da su. Na zo na tsaya, hulata a hannu. Ta gaishe ni da mutunci, ta tambaye ni yadda nake raba ƴaƴan da abin da nake ba su. Na faɗa mata, tana rubutawa, fuskarta tana sakewa. Shekara biyu ina wannan aiki, ranar ce kaɗai wani babba ya tambaye ni yadda ake yi. Sai ta ajiye alƙalami.

"Baba, bara ma an yi zafi. Yaya aka yi suka tsira bara?"

Hajo na tsaye bayan kujerarta da tire na ruwan sanyi. Na san in na buɗe baki na faɗi kalma guda, matar nan za ta aiko da wani irin, a gina tafkin, kududdufinmu ya samu kifi. Na kuma san wa zai kwana babu aiki.

Na ce, "Na bana ya hi, Madam."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ta ɗauki alƙalaminta ta rubuta layi ɗaya. Aka ci abinci, aka ɗauki hoto, suka tafi.

Bayan wata biyu rahoto ya iso. Mataimakin majo ya fassara mini: an yaba da tsabtar gidan likitarmu, kifin kuwa an gano ba ya jure zafin ƙasar Adar, don haka ba za a ci gaba ba, nan ko wani wuri. Akwatin gilashin aka mayar da shi wurin ajiye katunan awon ciki. Damina ta sauka, kududdufi ya cika. Na ci gaba da shara ƙarƙashin bencin da iyaye mata ke zama da yara masu zafin jiki a cinya, da yawansu ƴan unguwarmu. Ban ce kifina zai hana masassara gaba ɗaya ba, ban sani ba. Ba a bari mun sani ba.

Ban riƙe Hajo a zuciya ba, ta yi abin da aka koya mata ne, ta kuma yi shi da kyau. Ko Mushe Kadri ba mugu ba ne, na ga ya kwana kan maras lafiya ba sau ɗaya ba. Amma ya fi tsoron layi guda a takarda fiye da asarar abu mai rai, kuma haka aikin nan yake mayar da mutum in bai kula ba. Muna yi wa baƙo shara fiye da yadda muke yi wa maras lafiya. In abu ya ɓaci kuma sai mu nemi wanda ba ya iya kare kansa mu ɗora masa. Wannan karon an yi sa'a ba mutum aka ɗora wa ba, kifi ne.

Abin da zan ce muku, ƙannena, in an damƙa muku abu mai rai, kada ku yarda da "za a gani". Ku faɗi abin da kuka sani gaban mutum biyu ko uku, ku koya wa na kusa da ku, ko mai wanke ɗaki ce. Da na taɓa zaunar da Hajo na nuna mata abin da zabel ke yi wa kifi, maimakon in yi ta dariya in ta tsokane ni, da ba a kai nan ba. Jajibirin baƙi kuwa, kada ku yi nisa da abinku ko wa ya aike ku.

Mushe Kadri ya daɗe da barin ƙasar nan. Hajo ta bar aiki da kanta, tana wurin babban ɗanta, maganata ba za ta cutar da ita ba yanzu. Rahoton dai yana can cikin wani ofis, kuma duk wanda ya yi tunanin kawo kifin nan Adar zai karanta shi ya fasa. Da bakina aka rubuta shi. In ɗayanku ya taɓa haɗuwa da masu wannan aiki, ya gaya musu gufi yana haihuwa a nan, yana ratsa bazara cikin randa a inuwa. Ya gaya musu zabel ne ya kashe nawa.