Sunan da ya maƙale cikin waya

Tsohuwar wayata cikin randa ta faɗa ina ɗibar ruwan alwala, bayan shekara biyar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Wadda na sayo a kasuwar Tawa ta maye gurbinta faffaɗa ce, sai sheƙi, ga idanun ɗaukar hoto har uku a bayanta. Kyan ɗan maciji! In rana ta taɓa ta sai ta yi zafi kamar dutsen guga, ta kashe kanta. Batirinta maƙaryaci ne, ya ce da saura rabi, kafin ki gama gaisuwa ya mutu. Ran nan ina aji ina yi wa yara faɗa ta kira mini sufeton makarantu daga cikin jaka, ya sha saurare har ya ƙoshi.

Na mayar wa mai shagon. Ya jujjuya ta, ya hura mata iska.

"Madam, rezo na. Wayag ga lahiya lau take. Ki yi haƙuri, za ta saba."

Za ta saba, sai ka ce tunkiya na sayo. Na ƙwace abata na fito ina huci.

A wannan daminar matar ƙanena ta haihu a ƙauyenmu, bayan Bambeye. Shi yana Abijan wurin biɗa, yana dako a bakin teku, kuma in ya shiga aiki da asuba ana karɓe musu wayoyi sai yamma. Bai ga cikin ya tsufa ba, bai ji kukan fari ba. Abin da ya rage masa a matsayin uba shi ne zaɓen suna. A gidanmu kuwa ba a furta sunan jariri sai safiyar bakwai, kuma kunnen liman ke fara ji. Don haka ya ce zai turo saƙon murya a wayata kafin ya shiga aiki.

"Yaya, kak ki saurara," in ji shi. "Ki kai ma liman ga kunne."

Rezo, wato sabis ɗin waya, a ƙauyenmu sai kan tudun duwatsu bayan gari. Ranar suna, gari na wayewa na haye da zanen bikina, na ɗaga waya sama. Saƙon ya zo, amma ya ƙi sauka. Ɗan zoben nan na fuskar waya ya yi ta juyawa har rana ta fito sosai. Da ya gama sauka, yatsana ya yi ƙaiƙayi in danna. Na hana kaina, amana ce. Na gangaro da sauri, waya na ƙona mini tafi, ina kaiwa ƙofar gida ta yi ɗif.

Maza sun cika tabarmi, ga goro da dabino, ga rago ɗaure, wanzami na wasa aska. Aka gwada kiran ƙanena da ƙaramar wayar wani, a kashe. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya dubi rana.

"Mutane na da noma," ya ce. "Mu sa ma ɗiyag ga suna. In ya taso aiki shi ji."

Mace ba ta sa baki a tabarmar maza ranar suna, na sani sarai. Amma raina ya ɓaci. Na tsaya bakin zaure.

"Baba, ka gahwarce ni, amma wuƙa ba ta taɓa ragon ga sai an ji muryar ubanta."

"Ke, ƙarhe za mu zauna jira?"

"Ba ƙarhe kuka jira ba, Baba. Ɗanku kuka jira."

Wani ya yi tsaki, wani ya ce abin da boko ke jawowa ke nan. Ban kula su ba. Na shige ɗakin mai jego, na naɗe wayar da tsumma mai laima, na tura ta ƙarƙashin randa inda yashi ke da sanyi. Mata suna ta dariya, wai an kwantar da mara lafiya. Ni kuwa na durƙusa ina yi mata magana ƙasa-ƙasa: kin ci mini mutunci gaban sufeto na ƙyale ki, yau kam ba ki isa ba. Da ta huce na jona ta da batirin hasken rana, na danna. Shiru. Na sake dannawa na riƙe har babban yatsana ya yi fari. Sai ga haske.

Na fito da gudu ba takalmi, na durƙusa, na miƙa ta kusa da kunnen liman, na danna saƙon. Ja'irar waya, maimakon ta yi raɗa sai ta buɗe babbar murya da kanta. Sirrin da na sha rana ina tsaro ya tashi har bayan danga.

Muryar ƙanena ce, a shaƙe, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Ya gai da liman, ya gai da Baba, sannan ya ce:

"A sa mata sunan Inna. Ban samu na kai ta kushewa ba. Ku maido min ita gida."

Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, yana can bai samu zuwa jana'iza ba. Babu wanda ya ƙara tsaki. Na yi kuka a gaban maza, ban ji kunya ba. Baffa ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya miƙe ya kwance ragon da hannunsa, ya ce wa liman bismilla.

Wayar ta sake mutuwa kafin a gama fatiha, ko hoto ɗaya ba ta ɗaukar mini ba. Da yamma na hau tudu da ƙaramar wayar Baffa na kira ƙanena. Bai ko gaishe ni ba ya tambaya ko saƙon ya iso.

Na ce, "Ya iso. Inna na ɗaki, tana shan nono."