Wanda Zai Fara Gaishe da Wani

Shekara shida Baba bai yi magana da ɗan'uwansa na Maraɗi ba, kuma ba faɗa suka yi ba. Iyayensu maza wa da ƙane ne, a gida ɗaya aka haife su a Kusada, daga baya mahaifin wancan ya kwashi iyalinsa ya koma Nijar. Mu Baban Maraɗi muke ce masa. Muddin babban yayansu na raye ba wanda ya damu da waye gaba da wani. Ranar da aka zo ta'aziyyar yayan, Baba ya zauna a kan tabarma yana jiran ƙanensa ya durƙusa ya gaishe shi, shi ma Baban Maraɗi ya tsaya yana jiran nasa ƙanen. A gidanmu ƙarami ne ke fara gaisuwa, su kuwa kowa na ganin shi ne babba. Haka suka yi kwana uku suna kallon juna ta gefen ido, kowa ya koma gida.

Abin na cin Baba, na sani. Duk Sallah sai ya ajiye waya kusa da gwiwarsa, ya ce wai labarai yake jira.

Ina koyarwa a firamare a Kankia, kuma ni ce mai riƙe da zauren danginmu na waya, inda mu da 'yan Nijar muke haɗuwa. Don sanar da suna da biki na buɗe shi. Shekarar da aka rufe iyaka sai ya koma filin daga. Wani ɗan Baban Maraɗi ya rubuta cewa ko a gaisuwa 'yan Najeriya sai sun nuna fin ƙarfi. Ƙannena suka taso masa. Kafin azahar an manta da tsofaffin, an koma kan wace ƙasa ta fi wata tarbiyya, har da liƙa tutoci. Ni da ya kamata in raba, ni na fi kowa zafi. Saƙon murya na minti huɗu na tura, wanda har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Washegari da na huce na rufe zauren, ni kaɗai ke iya rubutu. Na ce daga yau ba zancen ƙasa. Za mu jera abin da kowane ɓangare ya yarda da shi, ɗaya bayan ɗaya, wanda mutum ɗaya ya musa ba ya shiga. Dabarar da nake wa 'yan aji uku ce in sun yi faɗa, ban dai gaya musu ba.

Na sake buɗe zauren, aka fara da takardun haihuwa. Muka ɗauki hoton ta Baba muka tura da gadara, don ta nuna ya girmi wancan da shekara biyu. Su ma suka turo tasu, da Faransanci. Sai babbar 'yar Baban Maraɗi, mace mai gaskiya, ta ce malamin lakwal, wato makarantar boko, ne ya dubi tsayin mahaifinta ya rubuta abin da ya ga dama. Na tsare Baba da tambaya, ya sosa ƙeya ya ce shi ma an ɗan ƙara masa lokacin da yake neman aikin masinja, don a ce ya isa. Dariya ta ɓarke a ɓangarorin biyu. Abu na farko da muka amince da shi ke nan: takardun duka biyu ba su da amfani.

Na biyu ya zo da sauƙi, damina ɗaya aka haife su. Na uku muka sha wuya, wato wanda ya gani da idonsa kuma yana raye. Mutum ɗaya ta rage, autar kakanninmu da ke aure a Tafashiya, wadda ta yi renonsu tana yarinya. 'Yan Maraɗi suka ce ai tamu ce, za mu kitsa mata. Raina ya ɓaci, na haɗiye. Muka tsaya a kan cewa ba wanda zai je mata kafin ranar, za a tambaye ta a kiran bidiyo kowa na kallo, kuma abin da ta faɗa ya zauna. Tsofaffin biyu kowa ya aiko da amincewarsa ta bakin 'ya'yansa.

Ranar Asabar da hantsi na hau acaɓa zuwa Tafashiya. Na iske ta tana ɓarar gyaɗa. A cikin gida babu sabis, sai da muka fito da kujerarta gindin darbejiyar ƙofar gida. Ta leƙa wayar, ta ga fuskoki cunkus.

"Ke, duk waɗanga nawa ne?" ta ce. "Kai, an dai yi munana a gidanga."

Na yi mata tambayar. Ko tunani ba ta tsaya yi ba.

"Wanga shi ne ya hana su barci? Ai da sun tambaye ni. Ranar sunan ubanki, wancan na Maraɗi shina bayana na goya shi. Ana yanka rago ya jiƙe mani sabon zane sharkaf, har na yi kuka. Ya kai wata biyu a duniya."

Mun faɗi, kuma ni na kai mu. A Maraɗi guɗa ta tashi har wayar na rawa. Ni kuwa Baba na tuna, don yana kallo daga Kusada, kuma na san halinsa.

Ban koma Kankia ba, Kusada na wuce. Na same shi a zaure ya sa babbar riga da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Kira mani shi," ya ce. "Ki riƙe ta sama, yadda zai gan ni duka."

Fuskar Baban Maraɗi ta bayyana. Baba ya tuɓe takalmi, ya dafa bango, ya durƙusa har ƙasa, gwiwoyinsa na ƙara.

"Yaya, ina wuni? Ya iyali?"

Wancan ya share ido da hannun riga. Da ƙyar ya ce, "Tashi, tashi mana, ƙafarka."

Baba ya ƙi tashi. Dariya yake yi, irin wadda na daɗe ban ji ba, ni ma ina yi ina hawaye.

"Ba ni tashi sai ka ji," ya ce. "Shekara shida kowa damuwarshi ya kawo mani, ni ban da inda zan kai tawa. Yanzu kau na samu. Gyara zama, Yaya, da yawa ne."