Kafintan da Ya Karanta Mana Rufi

Da hantsin ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu, ina zaune a ƙofar gida sai ga 'yarka ta fari ta tsaya a kaina. Da ganin idanunta na san ka cika. Na Allah muke, wurinsa kuma makomarmu take. Mai Fensir, kafintan layinmu, abokina na shekara arba'in da ɗoriya, ka tafi kana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar mako uku.

Na san ta'aziyya da sanyin murya ake rubuta ta. Zan ƙoƙarta. Amma duk wanda ya zauna da kai ya san da wuya a tuna ka fuska ba ta saki ba.

Babu gida a layin nan da hannunka bai taɓa ƙofarsa ba. Sai ka zo duba mara lafiya, a ba ka kujera, ta ɗan yi ƙara, shi ke nan dubiya ta koma gyaran kujera, mara lafiyar ne ma zai riƙe maka ƙusa. Bencinan makarantar yara kuwa, kowane hutu kai ke binsu ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya aike ka. Ni kana kirana Rediyo, wai ina ba da labarin abin da ban gani ba. Ban taɓa yarda ba sai bana.

A ƙarshen layinmu akwai tsohon gini mai jar ƙofa da 'yar taga mai ƙarfe. Tun da muka tare a unguwar a rufe muka same shi. Matan da ke ɗinki a zauruka suka nemi izinin gyara shi su zuba kekunansu. Sai ofishin filaye ya turo wata jami'a ta binciki asalinsa, aka ce mata ta je wurin dattijon da ya san tarihi, wato ni. Na gyara zama na ce mata gidan waya ne. Har na nuna mata tagar da ake miƙa wasiƙu, kamar a gabana aka yi. Jar ƙofa na gani, na ɗora sauran daga kaina. Ta yi godiya ta rubuta. Bayan kwana goma sai ga jan fenti a bango: ginin hukuma ne da aka daina amfani da shi, za a rushe nan da wata guda. Da an ce na jama'a ne, da an bar wa jama'a abinsu. Da bakina na kira katafila.

Matan suka daina amsa gaisuwata da kyau. Kai kuwa ba ka yi min faɗa ba. Hannuna ka ja har bayan ginin, inda awaki suka jeru suna lasar bango kamar yadda suka saba.

“Rediyo,” ka ce, “tun da kake, ka taɓa ganin akuya tana lasar wasiƙa?”

Kafin in amsa ka ture akuya guda, ka dangwali bangon da yatsa ka kai baki. Gishiri! Buhunan gishiri ne aka yi shekaru ana jinginawa ta ciki har bango ya sha. Ka nemo mabuɗi muka shiga, kana gaba kamar mai neman ɓataccen ɗa. Ga ƙugiyar sikeli a rataye. Ga sawun kantar sayar da kaya a daɓe, ga inda ƙafafun masu saye suka cinye siminti a gabanta. Na ce lallai kanti ne. Ka ce in yi shiru, na riga na yi magana sau ɗaya ta ishe mu.

Da jami'ar ta dawo ta duba duka, sai ta girgiza kai. “Baba, na yarda kanti ne. Amma ai hukuma ma tana buɗe kanti. Wa ya ce na jama'a ne?”

Kai kuwa sama kake kallo. Ka sa aka kawo tsani. Maiɗakinka tana bakin ƙofa tana cewa, “Malam, in ka faɗo ni ba ruwana!” Ba ka ko waiwaya ba. Ka ɓalle silin guda, ka cusa kai da tocila. Can sai ihu, kana kiran mu ni da jami'ar.

“Rediyo! 'Yata! Ku hawo ku gani! Wallahi ku hawo!”

Ban taɓa jin muryarka haka ba, ko ranar da aka haifa maka jikan fari. Ni dai ciwon gwiwa ya hana ni hawa. Jami'ar ce ta tuɓe takalmi aka kawo tsani na biyu ta hau, ina ƙasa ina sauraro. Katakon rufi talatin da shida, ba biyu da suka yi kama. Wannan da gurbin ƙarfen ƙofa a jikinsa, wancan gefen gado ne, wani hannun amalanke, wani guntu biyu aka haɗa da ƙusa. Kowanne da tambarin da aka ƙona masa da wuta, kowane tambari daban.

“'Yata,” ka ce mata, “hukuma in za ta yi gini, mota guda take aikowa, katako iri ɗaya, tsayi ɗaya. Attajiri ma haka. Wannan rufin, kowa daga gidansa ya ɗauko nasa a kafaɗa.”

Ta sauko da yanar gizo-gizo a ka, tana dariya kamar ba ita ta rubuta a rushe ba. Mako guda ta yi tana tonon tsofaffin takardu, har ta samo rajistar wata ƙungiyar gama-kai ta magidanta talatin da shida, da kantinsu a wannan fili. Ranar da aka zo goge jan fentin, matan layi suka yi ta guɗa, ɗaya har ta gaishe ni da kyau.

Sharaɗi ɗaya aka gindaya: akwai katako guda da gara ta cinye, sai an sauya shi kafin kowa ya shiga. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da kai. Aka ce a je kasuwa a sayo, ka ce sam, wannan rufin bai san katakon kasuwa ba. Ka sa surukinka ya ɓalle dogon katakon teburin aikinka, wanda ka yi shekara hamsin kana fiƙa da yanka a kansa. Ranar Litinin aka ɗora shi. Da la'asar na zo maka da albishir, ka buɗe ido da ƙyar.

“Ya zauna?”

Na ce ya zauna daram.

“Ka gani, ko labari ne?”

Na ce na hau tsanin da kaina, gwiwa tana kuka, na taɓa shi da hannuna. Ka yi murmushi ka lumshe ido. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Jiya na wuce ta wurin, kekunan ɗinki bakwai suna ta ruri a ƙarƙashin katakon teburinka.

Allah Ya jiƙanka, Mai Fensir. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa Aljanna ce makoma. Ya jiƙan waɗancan magidanta talatin da shida da ba mu san fuskokinsu ba, kai ne ka sa muka san sun yi zamani. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'yanka da surukai da jikoki, da matan da suka samu inuwa ta dalilinka, da duk mutanen layinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Amin.