Sa Hannun da Na Yi a Bakin Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya Madam ta yi tana koyarwa a firamaren unguwarmu a Garuwa, amma sunanta bai taɓa shiga takardun gwamnati ba. Malamar iyaye ce. Mu muka ɗauke ta, mu ke riƙe da ita, ranar da muka ce ta tafi kuwa ba ta da inda za ta kai kuka. Autata tana ajinta a shekarar.

Sai aka kawo mana sabon darakta, wato shugaban makaranta, daga garin Poli. Bai yi wata biyu ba iyaye suka fara ƙorafi, don mutumin ba ya shawara da kowa, kuma an ce yana nema wa ƙanwar matarsa aji. Ni ne mai baki a majalisa. Na sha cewa in ya taɓa Madam zai gane kurensa.

Al'adarmu a taron iyaye, akan ajiye takarda a bakin ƙofa, kowa ya sa hannu shaidar ya zo. Mahautan cikinmu kan dangwala yatsa su koma kasuwa kafin nama ya sha rana, ba wanda ke tsayawa jin jawabi. Ranar ina sauri zuwa ofishinmu na kamfanin auduga, na riga kowa zuwa, na rattaba hannu, na hau moto, wato babur, na wuce. Ni da nake taƙama da Faransanci ko saman takardar ban duba ba. Mahautan suka ga hannuna a layin farko, suka bi.

Ashe an rubuta a sama cewa iyaye sun amince a sallami Madam.

Mun tada jijiyar wuya, mun je har ofishin sufeton ilimi. Ya shimfiɗa mana takardar a kan tebur, ya ce, "Wannan ba hannunku ba ne?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa gidanta. Na tarar tana ɗaure kaya, za ta koma wajen 'yan'uwanta a Mora. Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Baban yara, na san ba ka karanta ba. Bar shi kawai."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na miƙe zan tafi, ta biyo ni har zaure.

"Ka gaya wa sabuwar malamar ta zaunar da autarka a bencin gaba. Ba ta ganin allo daga nesa, kuma ba za ta faɗa ba."

Ni ubanta ban sani ba.