Lambar da Jabiru Ya Ƙi Canzawa

"Lamba ɗaya ce fa, Jabiru! Sai ka ce dutse na ce ka ɗauke?"

Shafa'atu ta tsayar da keken ɗinkinta. Bangon da ya raba shagonta da na Jabiru, a bakin kasuwar Faskari, bai taɓa riƙe sirri ba. Muryar Alhaji Salihu ce, shugaban ƙungiyar manoman masara.

"Ko saƙon ya fara shigowa wayata kafin Juma'a, ko in ɗauko wani daga Funtua!"

Jabiru ɗan garin Daudawa ne, siriri, mai tsadar magana. Shi da amininsa Abdulƙarim suka rubuta wa ƙungiyar manhajar rabon taki. Suka kuma girka wata na'ura a kwamfuta, wadda ke harhaɗa manhajar da kanta duk sanda aka yi gyara, ta gwada ta, in ta tsaya daidai ta tura saƙon tes zuwa waya. Ba su gama saita ta ba zazzaɓi ya ɗauke Abdulƙarim.

Jabiru ya ƙarasa saitin shi kaɗai. Ya sa ta fara aiki bayan azahar, lokacin da sola ta ƙoshi. Ya koya mata ta jira in sabis ya gudu. Sai gurbin wanda za a sanar, mai ɗaukar lamba guda tak: nan ya bar ta marigayin. Shi ya sa Alhaji bai sanin sabuwar manhaja ta fito sai manoma sun taso masa.

Mantuwa ce? Shafa'atu ba ta yarda ba. Mutumin da ke goge madannan kwamfuta da buroshin haƙori?

Da Alhaji ya fita, ta leƙa.

"Malam Jabiru, wayar Abdulƙarim tana hannun wa?"

Ya yi kamar bai ji ba.

Sai abin ya faɗo mata. Ranar da ta kai wa Dada, mahaifiyar marigayin, ɗinki, wata waya ta yi ƙara a ƙarƙashin filo. Tsohuwar ba ta karatu, ba ta ma ɗaga ta ba. Murmushi kawai ta yi, ta ce, "Aikin yarona ne. Yana nan yana tafiya."

"Kai, Jabiru! Ashe Dada kake wa saiti, ba Alhaji ba."

"Ke dai kunnenki ya fi almakashinki kaifi."

"To ka faɗa masa mana."

"In ya sani, tausayi zai kai shi gidan, ya yi mata bayanin na'ura ce. Me ya rage mata?"

"In ya kore ka fa? Na Funtua zai goge lambar kafin ya sha ruwa."

Jabiru ya dubi kwamfutar. Ta gama haɗawa, layi ya koma kore, alamar saƙo ya tafi. Ya miƙe, ya zura takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji zai samu saƙonsa kullum," ya ce. "Ni zan riƙa kai masa da ƙafa."