Hadiza da Matakala ta Uku

Wata Alhamis da hantsi, cikin sanyin farkon shekarar 1990, ƙanwata Hadiza ta ɗauki faifan roba mai ruwan lemo, ta bar layin da aka zana mata da gawayi a tsakar gidanmu na Riyad, ta dawo baya har layin maza, ta tsaya a tsakaninmu. Alhamis ranar hutu ce a can a wancan zamani, don haka duk yaran gidan muna waje, kowa da rigar sanyi a kan jallabiyarsa. Sagir, wanda ya fi mu duka ƙarfin hannu, ya nuna mata layinta da haɓa, ita kuma ta girgiza kai. Shekarunta goma sha biyu, ni ina da sha huɗu, kuma abin da na fi tunawa shi ne kunyar da ta rufe ni, domin ban san ko goyon bayanta ya kamata in yi ko korarta ba. Da Hausarta mai gauraye da Larabci ta ce: "Daga nan zan riƙa jefawa. In na ci, a ba ni matakala."

Gidan bene ne na haya tsakanin unguwannin Dira da Batha, kuma kusan duk mazaunansa 'yan Nijeriya ne: ma'aikatan ofishin jakadanci irin mahaifinmu, wanda akawu ne, da direbobi, da wasu 'yan kasuwa biyu da suka yi sa'ar kawo iyalansu. Tsakar gidan siminti ce, doguwa mai lanƙwasa, da tankin ruwa a kusurwa, da bishiyar dabino guda da ta daina 'ya'ya, da igiyoyin shanya da iyayenmu mata ke faɗa a kansu cikin ladabi. A cikin mako ba mu da sukuni. Mu maza muna zuwa makarantar Larabawa, mu dawo a aike mu bakala, kantin unguwa, sayen burodin khubuz da nonon da suke kira laban, mu kinkimo tukunyar gas zuwa hawa na biyu, mu wanke motar Baba. 'Yan mata kuwa wanke-wanke da shanya da rainon ƙanne. Bayan katangar nan ba mu da wurin zuwa sai da babba, kowane babba kuma da iƙamarsa, takardar izinin zama, a aljihu yake fita. Tsakar gidan ita ce dajinmu, ita ce dandalinmu.

Wasan ya zo mana ta hannun Kawu Sale. Ba kawunmu ne na jini ba, direba ne a wani kamfani da ke cikin rumbunan ajiyar kaya na Al-Sulay, kuma yakan zo cin tuwon Umma ran hutu. Wasu Turawa injiniyoyi yake tuƙawa, su ne suka ba shi tsofaffin fayafai uku da suka gaji da su. Ya ce a unguwarsu ya ga suna jefa su cikin kwanduna, ana ƙirga jifan kowa, wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ne gwani. Ba mu da irin kwandunansu, sai muka yi namu: kwandon dabino a rataye jikin bishiya, tsohuwar taya a jingine da tanki, gangar shara, da bokiti a kan bulo a can ƙarshen lanƙwasa. A fara daga layi, inda faifai ya faɗi daga nan za a sake jefawa, har ya shiga, sannan a dawo layi a nufi na gaba.

Abin da Kawu Sale bai kawo mana ba, mu muka ƙirƙira, shi ne matakala. Akwai matakalar siminti da ke hawa rufin gidan ta waje. In an gama wasan Alhamis sai mu zauna a kanta bisa ga yadda aka ci: gwani a can sama, mai bi masa a ƙasansa, har zuwa na ƙarshe da ƙafafunsa ke taɓa ƙasa. Matakalarka ita ce darajarka har Alhamis mai zuwa. Na sama shi ke fara jifa, shi ke yanke hukunci in gardama ta tashi. Na ƙasa kuwa shi ke zuwa ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinmu, wani dattijo Banajade ɗan asalin ƙasar, ya yi sallama, ya ba da haƙuri, ya roƙo faifan da ya faɗa gidansa. Yara kan yi kuka a kan matakala. Na san yaron da ya ƙi cin abinci don an sauke shi daga ta biyu zuwa ta biyar.

Hadiza ba ta da matakala. Tun ranar farko Kawu Sale ya ɗauki gawayi ya zana wa 'yan mata layi a gaba da namu, ya ce haka ya ga ana yi, "hannun mace bai kai ba." Da kyakkyawar niyya ya yi, ban taɓa shakkar wannan ba, kuma gaskiya ne cewa ba ta iya kai faifai inda Sagir ke kai shi. Sauran 'yan matan suka ɗan taɓa suka watse, ita kaɗai ta dage. Tana wasa da mu, ana ƙirga jifanta, sau da yawa ma takan gama da ƙasa da namu, amma in an zo zama sai a ce nata ba ya lissafuwa tunda daga kusa ta fara. Sai ta zauna a kan bulo gefen tanki tana kallonmu. Alfarmar da aka yi mata ita ce ta hana ta wurin zama, mu kuma ba mu ga wani abin mamaki a ciki ba.

Abin da ya tayar da ita a ranar nan na sani, domin a gabana aka yi. Kwana ɗaya kafin nan, da rana muna cin abinci, Umma ta ce mata in azumi ya kama za a saya mata abaya, wasan tsakar gida da maza kuma ya ƙare. Umma ba ta faɗa da zafi ba. Matan gidan sun fara magana, ƙasar kuma ba tamu ba ce, kowa yana taka tsantsan kada a ce 'yar wane ta girma tana tsalle a waje. Hadiza ba ta yi musu ba. Ta dai lissafa a ranta cewa Alhamis 'yan kaɗan suka rage mata, kuma ba ta so ta shiga ɗaki ba ta taɓa zama a matakala ba.

Sagir ne a sama a wannan mako, don haka hukunci nasa ne. A Riyad aka haife shi, Hausarsa a karye take, in ya ji haushi Larabci yake komawa. Ya yi shawara da mu a gefe, aka fito da sharaɗin da muka ɗauka ya rufe ƙofa: ta jefa daga layinmu, amma ba za ta zauna ba sai ta shiga cikin ukun farko Alhamis uku a jere. Mun zaɓi wannan ne don babu ɗayanmu da ya taɓa yin haka. Sagir kansa yau yana sama, mako mai zuwa yana ƙofar dattijo yana ba da haƙuri. Tunda ya gagare mu, muka ce zai gagare ta. Ba mu tsaya mun tambayi kanmu me ya sa yake gagarar mu ba. Sagir ya ce mata, "Khalas, ya bint," wato shi ke nan yarinya, "kin yarda?" Ta ce ta yarda.

Ranar farko ta sha kashi. Faifanta yana faɗuwa tsakiyar hanya, yara suna dariya, wani yana kwaikwayon yadda take lanƙwasa gwiwa. Ta koma kan bulonta. Amma a cikin makon na lura shanya ta fara ɗaukar ta lokaci fiye da da. Na hau rufi wata la'asar na same ta ta ajiye kwandon wanki a nesa kaɗan, tana jefa murfin bokiti a ciki, ta ɗauko, ta koma, ta sake. Ba nisa take nema ba. Wuri ɗaya take tsayawa, hannu ɗaya, tsawo ɗaya, har abin ya gundure ni da kallo na sauko.

Da Alhamis ta zagayo sai bambancin ya bayyana, ko da yake ba mu da sunan da za mu ba shi. Mu duk burinmu jifa guda ce mai ban mamaki, wadda za ta tsallake tanki, ta yanke kusurwar katangar maƙwabci, ta sauka gindin bokiti, a yi mako ana labarinta. In ta yi kyau an hau sama. In iska ta ɗan taɓa ta, faifai ya tafi gidan dattijo, an ƙara maka jifa biyu na tara. Hadiza ba ta taɓa gwada kusurwar ba. Takan bi hanya, gajeriyar jifa a ƙasa-ƙasa, ta bi ta da wata irinta, ta uku ta shiga. Ba ta taɓa yin abin da za a tafa mata ba, ba ta kuma taɓa ɓarar da faifai ba. Ta zo ta uku. Mako na gaba ma ta uku, alhali mutum biyun da ke gabanta ba su ne na makon jiya ba. Dariya ta ragu. Har muka fara auna kanmu da ita ba mu sani ba: in yaro ya gama sai ya tambaya ko ya wuce Hadiza ko yana bayanta, domin ita kaɗai ce ba ta motsi.

Alhamis ɗin da za ta cika mata uku a jere ita ce ta ƙarshe kafin azumi, kuma ta zo da iska mai ƙarfi da ke kaɗa shanya kamar tutoci. Sagir, wanda ke riƙe da sama tun makon jiya, ya tura faifai gidan maƙwabci har sau biyu, kowa ya san ƙasa zai zauna. Wasu 'yan'uwa biyu daga hawan ƙasa suka kama ta ɗaya da ta biyu. Ta ukun ta rage tsakanina da ƙanwata. Ta riga ta gama, tana tsaye hannunta a baya. Ni kuma faifaina yana kusa da bokiti, tazarar da na saba ci. In na saka mun yi kunnen doki, kuma al'adarmu in an yi haka mai matakala ke riƙe wuri, ita ta koma kan bulo ke nan. In na kuskure, ta zauna. Na ɗaga hannu, na ji idonta a kaina, na saki. Faifan ya bugi bakin bokiti ya gangara gefe.

Ba ta yi murna ba. Ta je ta ɗauko faifan, ta miƙo mini, ta ce: "Yaya, in da gangan ka yi, ba na so. Sake." Na rantse mata ba da gangan ba ne, amma ta ƙi sauke hannu. Duk muka juya ga Sagir, domin har a zauna hukunci nasa ne. Ya ce ba a taɓa sake wa kowa jifa ba a gidan nan, kuma ba za a fara a kanta ba, abin da ya faɗi ya faɗi. Ya ce mata, "Yalla, hau." Wannan ne karo na farko da aka yi mata hukunci irin wanda ake yi wa kowa, ba ragi ba ƙari. Ta hau a hankali ta zauna a ta uku, ta gyara zanenta a kan gwiwa, ni a ƙasanta, Sagir a can ƙasa ƙafafunsa a siminti. Muka zauna haka har aka kira azahar. Umma ta leƙo ta taga, ta gan ta, ta saki labule ba ta kira ta ba.

Bayan kwanaki kaɗan aka ga wata, aka kai ta Batha aka saya mata abaya. Wasan ya ci gaba bayan salla, amma bai daɗe ba, rana ta yi zafi, fayafan suka tsattsage, daga baya aka mai da Baba gida. Na yi jami'a, na karanta lissafi, na koyar da shi shekaru, kuma a can na sami sunayen abin da muka gani muka kasa faɗa. Matakalarmu sa'ar rana ɗaya take aunawa. Wanda kullum yana kusa da inda yake jiya ya fi wanda ke lilo tsakanin sama da ƙasa abin dogaro, ko da bai taɓa burge kowa ba. Yanzu ina gani a waya cewa wasan nan ya zama babba a wasu ƙasashe, ana ba kowane ɗan wasa lamba daga wasanni masu yawa, ana kuma ta muhawara kan tazarar da ke tsakanin maza da mata. Nakan karanta, in yarda da wani ɓangare, in yi shakkar wani, domin na san yadda ake iya ba mutum layi na kusa sannan a ce nasa ba ya lissafuwa.

Hadiza tana Zariya yanzu da 'ya'yanta, tana aikin haɗa magunguna a wani asibiti, kuma ba mu taɓa sake tayar da zancen ba. Ni ne nakan koma kansa. Na bincika zuciyata sau da yawa ko iska ce ta kautar da hannuna ko ƙauna, ban samu amsar da zan iya rantsuwa a kanta a yau ba, duk da na rantse a lokacin. 'Ya'yana suna da filin da ya ninka tsakar gidan nan, da kayan wasa na gaske, amma ban taɓa jin sun yi gardama a kan wani abu da zafin da muka yi a kan bokiti da siminti ba. Mu ƙunci ne ya haɗa mu wuri ɗaya har muka san jifan juna kamar muryar juna, kuma wani lokaci nakan yi kewar wannan ƙuncin. Alhamis ɗaya ta zauna a can, kuma ta cancanci fiye da haka.